Furen Takarda da Ƙoƙon Kan Sukari: Koya wa Yara Ayyukan Hannu na Ranar Matattu ta Meksiko

Tun daga tsakiyar watan Oktoba kasuwannin Meksiko ke canza kama. Masu furanni su jibge dami-dami na wani fure mai ruwan goro da ake kira cempasúchil, masu alewa su jera ƙoƙunan kai na sukari manya da ƙanana, kowanne da adonsa a goshi, a sama kuma an ja igiyoyi daga wannan rumfa zuwa waccan, takardu masu launi da aka huda da zane suna ta kaɗawa. Duk shirin ranakun 1 da 2 ga Nuwamba ne, bikin Día de Muertos, wato Ranar Matattu. Ranar farko ta yaran da suka rasu ce, ta biyu ta manya. Ranakun sun zo daidai da waɗanda cocin Katolika ke tunawa da waliyyai da mamata, amma abubuwan da ake yi a cikinsu sun gauraya da al'adun 'yan asalin ƙasar tun kafin Sifaniyawa su iso a 1519. Hukumar UNESCO ta sanya bikin cikin jerin al'adun gado na bil'adama a 2008.

Wannan jagora ta malamin firamare ce da ke son ɗalibansa su san al'adun wasu ƙasashe da hannunsu, da kuma iyayen da ke zaune a wurare irin su Texas da California, inda yaro kan dawo daga makaranta a ƙarshen Oktoba da aikin gida a kan wannan biki. Shawarar da ta fi kowace muhimmanci ita ce: kada a miƙa wa yaro almakashi sai an gaya masa abin da zai yanka, daga wane gari ya fito, kuma me ake yi da shi a can. In ba haka ba, zai tashi da zaton wani reshe ne na Halowin, bikin shigar ban tsoro da ake yi a Amurka, alhali a Meksiko ƙwarangwal ɗin da ake zanawa a bikin dariya yake yi, yana rawa, yana sanye da hula.

Abin da za a daidaita tun farko

Ginshiƙin bikin shi ne ofrenda, tebur ko matakala mai hawa biyu, uku, wani lokaci har bakwai, da iyali ke shiryawa a cikin gida. A kai ake ɗora hoton mamaci, kyandir, kofin ruwa, gishiri, turaren copal, wani burodi na musamman da ake kira pan de muerto, da irin abincin da marigayin yake so lokacin yana raye. A imaninsu rayukan mamata kan dawo ziyara a waɗannan darare biyu, shi ya sa ake tarbar su da abin da suka saba. A tsibirin Janitzio da ke tafkin Pátzcuaro a jihar Michoacán, da garin Mixquic a gefen birnin Meksiko, mutane kan kwana a makabarta kusa da kaburburan 'yan uwansu.

Wannan ɓangare ibada ce ta masu ita. Iyalin da ke tuna mamatansa da addu'a da sadaka ba ya buƙatar kafa ofrenda kafin ɗansa ya koyi yankan takarda, kuma malamin kirki ba zai sa a kafa ta a aji ba tare da sanar da iyaye ba. Akwai kuma gidajen da ba sa son a ƙera siffar mutum ko ƙwarangwal. Saboda su na fara da ayyuka biyu da za a iya yin su babu wata siffa a cikinsu sai fure, ganye da taurari, kuma a ganina su biyun ne ma suka fi koyar da hannu. Wanda ya tsaya a nan bai yi asara ba.

A kuma bincika ko akwai yaron da aka yi wa rasuwa kwanan nan. Wani yaron zai so ya yi magana a kan kakarsa, wani kuma ambaton mutuwa kaɗai zai sa shi kuka. A bar kowa ya zaɓi aikin da zai iya.

Kayan aiki

Abin da ya fi komai amfani shi ne siririyar takarda mai launi, irin wadda ake naɗe kyauta da ita, wadda in an ɗaga ta haske ke ratsa ta. A nemi ruwan goro da rawaya da yawa, sannan shunayya, ruwan hoda da baƙi. Sai almakashi marar tsini na yara, gam na ruwa, zare mai ƙwari ko siririyar igiya, kwali, tsofaffin jaridu, balan-balan, fenti da buroshi. Garin fulawa, sukari da ƙwai suna ɗakin girki. Ƙusa ko allura ta huda kwali ta zauna a hannun babba, haka ma duk abin da ya shafi wuta.

Furen cempasúchil na takarda

Da shi ake farawa, domin yaro ɗan shekara biyar ma zai gama nasa cikin minti goma sha biyar. A Meksiko ana tsinke ganyayen furen a shimfiɗa su a ƙasa su zama hanya daga ƙofar gida zuwa ofrenda, saboda an yi imani launinsa da ƙamshinsa mai ƙarfi ne ke nuna wa baƙin hanya. Jihar Puebla ce kan gaba wajen noma shi, musamman kewayen Atlixco, inda gonaki kan koma ruwan goro gaba ɗaya a watan Oktoba.

A yanka takardar murabba'i mai tsawo, santimita 15 da 25, a jera falle shida zuwa takwas a kan juna, bakinsu daidai. A kama gajeren gefen a ninke santimita 2 zuwa gaba, a juya takardun a ninke santimita 2 zuwa baya, a ci gaba da haka har a kai ƙarshe. Abin da zai rage a hannu shi ne doguwar tsinka mai faɗin santimita 2. A ɗaure tsakiyarta da zare ko siririyar waya, a ja sosai, a bar jelar zaren da tsawo domin da ita za a rataya furen daga baya.

Yanzu sai bakin. Idan aka yanka kowane ƙarshe a zagaye, fure zai fito da laushi. Idan aka yi masa tsaga-tsaga huɗu ko biyar masu zurfin santimita 2, zai fito a cukurkuɗe, kuma wannan ya fi kama da na gaskiya. Falle takwas da aka ninke suna da tauri, don haka wannan yankan babba ya taimaka wa ƙananan yara.

Sai a buɗe ninkin gefe ɗaya, a fara ɗaga fallen sama zuwa tsakiya. Nan ne yara ke yaga takarda, domin sukan kama ta daga baki su fizga. A nuna musu su sa babban yatsa da manuni can ƙasa kusa da ɗaurin, su ɗaga a hankali, falle ɗaya bayan ɗaya, su gama gefe ɗaya kafin su koma ɗayan. Ko an ɗan yaga ba laifi, cikin tarin ganyen ba mai gani. Wanda ke son fure mai zuciya ya sa falle biyu na rawaya a saman na ruwan goro tun wajen jerawa. Aji mai yara talatin, kowa ya yi uku, an sami abin da zai zagaye ƙofa da allo.

Papel picado, hudaddiyar takarda

Wannan ita ce sana'ar da ta cancanci a daɗe a kanta. Garin San Salvador Huixcolotla a jihar Puebla shi ne cibiyarta, kuma a 1998 gwamnatin jihar ta ayyana sana'ar a matsayin gadon al'adarta. Masu sana'ar can ba da almakashi suke aiki ba. Sukan jera falle har hamsin a kan faranti na dalma, su ɗora zanen da suka tsara a sama, su manne gefuna da ƙusa, sannan su bi zanen da ƙananan cizal masu baki iri-iri da guduma. Bugu ɗaya ya huda hamsin. Siririyar takardar kanta ta fara shigowa ƙasar ne a jiragen ruwan da suka yi ta zirga-zirga tsakanin Manila da Acapulco daga 1565 zuwa 1815. A kan ofrenda, kaɗawar takardar ce ke wakiltar iska. A gaya wa yara wannan, a nuna musu hoton aikin gwanaye, su ga inda hannu zai iya kaiwa.

Namu na almakashi ne. A yanka takarda santimita 20 da 30, a shimfiɗa ta a kwance. Abu na farko, a ninke santimita 2 na saman doguwar gefen, a ja layi da fensir a ƙarƙashinsa. Wannan leɓen shi zai rungumi igiya, kuma doka ce almakashi ba ya taɓa shi. Yaron da ya manta wannan zai ƙare da kyakkyawar takarda da ba ta ratayuwa.

A ninke takardar biyu daga hagu zuwa dama, a sake ninkewa, a sake na uku in hannun yaron zai iya yanka kaurin. A gefunan da ninki yake, a yanka rabin siffa: rabin da'ira, rabin ganye, rabin zuciya, kusurwa uku. Duk rabin da aka yanka a kan ninki zai buɗe ya zama cikakke. A bar aƙalla santimita 1 tsakanin huda da huda, in ba haka ba takardar za ta rabe gida biyu da an ɗaga ta. A ƙarshe a yanka bakin ƙasa, ko dai a lanƙwashe ko haƙora-haƙora.

Buɗewa ita ce lokacin da ajin ke yin tsit sannan ya ɓarke da ihu, don haka kada a yi gaggawa. A ɗora a kan tebur a buɗe ninki ɗaya-ɗaya. Layukan ninkin za su fita idan aka danne takardun cikin babban littafi suka kwana, ko babba ya goge su da dutsen guga mai ɗumi kaɗan, da farar takarda a sama.

Yaran da suka haura shekara tara za su iya zane na tsakiya. A ninke farar takardar rubutu biyu, a zana rabin fure, rabin tsuntsu ko rabin ƙoƙon kai a jikin ninkin, a yi wa wuraren da za a cire duhu da fensir. A cusa falle uku na siririyar takarda a cikin farar, a kama da maƙalar takarda, a yanka duka tare. Farar takardar na hana ta cikin zamewa, ga shi an sami kwafi uku a aiki ɗaya. Wahalar da ke nan ta tunani ce: duk abin da ake so ya rage dole ya kasance yana riƙe da jikin takardar ta wata 'yar gada. Idan aka zagaye ido gaba ɗaya da yanka, ƙwayar idon za ta faɗo ƙasa. Yaro kan gane wannan ne bayan ya ɓata falle ɗaya ko biyu, kuma gara a bar shi ya ɓata.

Wajen ratayawa, a miƙe igiya a ƙasa, a shafa gam kaɗan a cikin leɓen, a rufe shi a kan igiyar, a bar tazarar yatsa uku tsakanin takarda da takarda. Gam mai yawa na jiƙa takardar har launi ya zuba. A cakuɗa launuka, amma a sa shunayya a ciki, domin ita ce launin makoki a al'adar Katolika, kuma da wuya ka ga igiyar wannan biki babu ita.

Malam-buɗe-littafi

Kowace shekara, daidai lokacin bikin, miliyoyin malam-buɗe-littafi da ake kira monarca ke sauka a dazuzzukan tsaunukan Michoacán da jihar Meksiko, bayan tafiya daga Kanada da Amurka da kan kai kilomita 4,000. Al'ummomin yankin irin su Mazahua da Purépecha suna danganta isowarsu da dawowar rayuka. Aikin mai sauƙi ne, na 'yan nazare. A ninke farar takarda mai kauri biyu, a zana fiffike ɗaya a jikin ninkin, a yanka, a buɗe. A ɗiga fenti ruwan goro a gefe ɗaya kawai, a rufe a danne da tafin hannu, a buɗe: ɗaya gefen ya ɗauka. Bayan ya bushe a ja baƙaƙen jijiyoyi, a yi wa gefuna baƙin baki, a ɗiɗɗiga fari a kai da kan ashana. In akwai taswira a kusa, a sa yaro ya bi hanyar tafiyar da yatsa.

Ƙwarangwal mai rawa da hular Catrina

Matar nan ƙwarangwal mai ƙatuwar hula da ake gani ko'ina tana da tarihi. José Guadalupe Posada ne ya zana ta, mai sassaƙa zanen buga jarida da aka haifa a Aguascalientes a 1852, ya rasu a 1913. Kai da hula kawai ya zana, hular irin ta matan Turai mai gashin jimina da furanni, yana yi wa masu kwaikwayon Turawa da ƙyamar asalinsu ba'a: duk kwalliyar, a ƙarƙashi ƙashi ne. A 1947 mai zane Diego Rivera ya saka ta cikin wani babban zanen bango a birnin Meksiko, ya ba ta jiki da doguwar riga, daga nan sunan Catrina ya bi ta. Manyan yara kan ji daɗin wannan labari fiye da yadda ake zato.

A zana gaɓoɓi goma sha ɗaya a kan farin kwali: kai, ƙirji da haƙarƙari, ƙugu, damatsa biyu, sangalin hannu biyu haɗe da tafi, cinyoyi biyu, ƙauri biyu haɗe da ƙafa. A bar kowace gaɓa da ɗan ƙarin tsawo a inda za ta hau kan 'yar uwarta. Bayan yara sun yanka, babba ya huda mahaɗan da ƙusa. A zura zare, a ƙulla ƙaton ƙulli gaba da baya, ko a sa ƙaramin maɓalli kowane gefe. Kada a matse, gaɓa ta riƙa lilo.

Don ya yi rawa, a sake huda wani rami a can saman kowane damtse, sama da inda aka ƙulla shi da kafaɗa. A haɗa ramukan biyu da zare ta baya yayin da hannayen ke rataye a ƙasa, zaren ya miƙe ba tare da ya ja ba. A yi wa cinyoyi haka. Sannan a ɗaura dogon zare ɗaya a tsakiyar na sama, a sauko a ɗaura shi a tsakiyar na ƙasa, a bar jelarsa ta leƙo. Ana ja, hannaye da ƙafafu su tashi. Hula kuwa da'irar kwali ce, a liƙa mata ƙananan furannin takarda da gashin kaza da aka wanke. Malamin kimiyya ya samu dama a nan: ƙasusuwan babban mutum 206 ne, haƙarƙari kuma goma sha biyu kowane gefe, a sa su ƙirga nasu da hannu.

Ƙoƙon kai na jarida da ƙullu

A Meksiko wannan sana'a sunanta cartonería, kuma gam ɗinta na gida ne. A dama kofi 1 na garin fulawa a kofi 1 na ruwan sanyi har gudaji su mutu, a zuba cikin kofi 3 na tafasasshen ruwa ana juyawa, a bar shi minti uku zuwa biyar a kan wuta kaɗan har ya yi kauri kamar koko. A sa cokali ɗaya na gishiri ko ruwan binega don kada ya yi funfuna, a bari ya huce sarai kafin yara su sa hannu. Ba ya wuce kwana biyu, don haka a dama daidai buƙata.

A hura balan-balan daidai girman kan yaro ko ƙasa da haka. A yanka tsinkar kwali mai faɗin santimita 5, a lanƙwasa ta, a manna a ƙasan balan-balan ɗin ta zama muƙamuƙi. A yayyaga jarida da hannu, faɗin yatsa biyu. Yagaggen baki ya fi yankakke kwanciya. A tsoma kowace tsinka a ƙullun, a zare ta tsakanin yatsu biyu don rarar ta koma kwano, a shimfiɗa a shafe. Rufi ɗaya a tsaye, na gaba a kwance. Rufi uku zuwa huɗu sun isa, amma a bar kowanne ya bushe kafin a ƙara wani, a inuwa mai iska. Rana mai zafi kan sa balan-balan ya kumbura ya tsage aikin. Rufin ƙarshe a yi shi da farar takarda, fenti zai fi kamawa. Idan aka ƙwanƙwasa aka ji ya yi ƙara, a fasa balan-balan a zaro shi, a shafa farin fenti, sannan a zana manyan idanu da ganyen fure kewaye da su, hanci mai siffar zuciya a kife, da haƙora jere.

Yara da yawa za su tambayi dabbobin nan masu fuka-fukai da launuka barkatai, alebrijes. Da wannan hanya ake yin su, kuma wani mai cartonería a birnin Meksiko, Pedro Linares, shi ya ƙirƙiro su a shekarun 1930, daga baya masassaƙan Oaxaca suka ɗauka suna yi da itacen copal. Asalinsu ba na wannan biki ba ne, sai a 'yan shekarun nan aka riƙa haɗa su da shi. Amma in yaro ya nace sai ya yi ƙadangare mai kan zakara, a bar shi.

Ƙoƙon kan sukari

Shi ne wanda yara suka fi ɗoki, shi ne kuma ya fi ba da wahala. A birnin Toluca ana cin kasuwar alfeñique, wato alewar sukari, kowace shekara daga Oktoba zuwa farkon Nuwamba, inda ake sayar da irin waɗannan alewoyi. Gwanayen can sukan dafa sukari ne su zuba a mazubin yumɓu. Akwai kuma na cakulan, da na 'ya'yan alayyahu da aka toya aka haɗa da zuma. Ana rubuta suna a goshi, na mamaci in na ofrenda ne, ko na aboki mai rai in kyautar barkwanci ce. Dafaffen sukari yana ƙuna fiye da tafasasshen ruwa, don haka da yara hanyar sanyi ake bi.

Ma'aunin da aka saba: kofi 1 na sukari, cokalin shayi 1 na garin farin ƙwai irin na masu kek, cokalin shayi 1 na ruwa. In babu garin, a kaɗa farin ƙwai ɗaya har ya yi kumfa, a riƙa zuba shi kaɗan-kaɗan a kan kusan kofi 3 na sukari. A murza da hannu minti biyar har kowace ƙwaya ta ji danshi. Gwajin shi ne a dunƙula a tafi a buɗe: in ya tsaya da shatin yatsu, ya yi. In ya wargaje, a ƙara ɗigo biyu ko uku. In ya manne a hannu, ruwa ya yi yawa, a ƙara sukari. Kuskuren da aka fi yi shi ne ganin kamar ya bushe a ƙara ruwa da cokali.

A cusa a mazubin roba mai siffar ƙoƙon kai, a danna da ƙarfi, a kankare bayan da bayan wuƙa ya yi daidai, a ɗora ɗan kwali a kai, a kife, a ɗage mazubin tsaye. In ya tsage, a mayar cikin kwano a sake. Wanda ba shi da mazubi ya yi amfani da ƙaramin ludayi ko ya mulmula da hannu, ya matse ƙasan ya zama haɓa, ya lotsa idanu da gindin fensir. A bar su su kwana, awa 8 zuwa 12, ba mai taɓawa.

Danshin iska ne babban abokin gabar wannan aiki. A Kano, Zinder ko Agadez, farkon Nuwamba iska ta riga ta bushe, sukarin zai ƙame da wuri. A Legas, Kumasi ko Duwala kuwa zai iya kwana biyu yana laushi. A can sai a sa su a obin da aka ɗumama kaɗan aka kashe, ko a ɗakin da ke da na'urar sanyaya iska.

Na ado kuma: farin ƙwai ɗaya, garin sukari mai laushi kofi ɗaya da rabi zuwa biyu, ɗigon lemun tsami kaɗan, a buga har in an ɗaga cokali ya tsaya da tsini. A raba a ƙananan kofuna, a sa kalar abinci, a zuba kowanne a 'yar leda, a ɗaure, a yanke kusurwar kaɗan ƙwarai. Yara su fara gwada hannu a kan takarda kafin su hau kan ƙoƙon. A liƙa 'yar takarda mai ƙyalli a goshi don suna. Tunda akwai ɗanyen ƙwai, ga hannaye da yawa sun taɓa, waɗannan na kallo ne. A faɗa musu tun farko, a kuma tanadi alewar da za a ba su a madadi, in ba haka ba sai an sami mai lasa.

Tsarin mako

Ayyukan da ke buƙatar bushewa su za a fara. Kwana bakwai kafin ranar nuni a soma ƙoƙon jarida, rufi ɗaya kowace rana, minti ashirin ya isa. A ranakun da ake jiran bushewa a yi furanni da papel picado. Ƙwarangwal mai rawa na cin zama biyu, ɗaya na zane da yanka, ɗaya na ƙulli. Sukari a bar shi sai saura kwana biyu: yau a zuba, gobe a yi ado.

Ranar nuni, a ja igiyoyin sama da kan yara, kusa da taga inda iska za ta motsa su. Kada a kunna kyandir na gaske a ɗakin da ke cike da siririyar takarda, ƙaramar tocila a bayan ƙoƙon jarida ta wadatar. A sa kowane yaro ya rubuta a ɗan kati sunan abin da ya yi, garin da ya fito a Meksiko, da amfaninsa a can, ya kuma karanta wa baƙi da bakinsa. Bayan an tashi, papel picado a kwance shi a adana cikin babban littafi, zai kai baɗi in rana ba ta cinye launinsa ba. Ƙoƙunan sukari kuwa a ɗora farantinsu a kan gwangwanin da ke tsaye cikin kwanon ruwa tun daren farko, domin tururuwa ba ta jiran a gama nuni.